Suga Ɗaya, Ɗauri Daban-daban: Daga Ganyen Gero Zuwa Jinin Mutum

  

Da tambaya za mu buɗe shirin yau. Malmalar tuwon da aka ci daren jiya, da itacen da aka hura aka tuƙa tuwon, da zanen audugar da uwargida ta ɗaura tana tuƙin, da takardar da yaro ya yi aikin makaranta a kai bayan ya ƙoshi, me ya haɗa su? Ɗaya ana ci, ɗaya ana ƙonawa, ɗaya ana ɗaurawa, ɗaya ana rubutu a kai. Amma da za a kai su ɗakin bincike, a cire musu ruwa, a warware su har ƙarshe, abin da zai fi yawa a cikin kowannensu abu ɗaya ne, wani nau'in suga da masana ke kira gulukos. Eh, suga. Har itacen girkin.

Gulukos ɗan gidan wani babban dangi ne da ake kira kabohaidiret. Duk 'yan wannan dangi da sinadarai uku aka yi su: kabon, wato baƙin abin nan da kuke gani a gawayi, sai haidirojin da oksijin, su biyun da suka haɗu suka zama ruwa. A ƙwayar gulukos guda akwai kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6. Kada wannan lissafi ya dame ku. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ku ɗauki gulukos a matsayin tubali. Da tubali ɗaya ake gina rumbu, da shi ake gina katanga, da shi ake gina soro. Yadda magini ya jera shi ya ɗaure shi, shi ke sa ginin ya zama abin da ya zama. To haka abin yake a nan. Akwai sugan da ke tsaye shi kaɗai, kamar gulukos da ɗan'uwansa furuktos, wanda ya yi yawa a zuma da 'ya'yan itatuwa. Akwai wanda aka ɗaure biyu-biyu: gulukos da furuktos in suka haɗu, shi ne sugan rake, wanda muke sha a shayi, wanda kuma ke cikin mazarƙwaila. Sugan madara ma biyu ne a ɗaure. Sannan akwai inda ake jera ɗaruruwa ko dubbai a sarƙa guda, a nan ne ake samun sitaci na hatsi da doya da rogo, da kuma selulos na kara da itace da auduga.

To daga ina duk wannan suga ke fitowa? Manomi zai ce daga ƙasa, kuma ba a ga laifinsa ba, domin mutane sun daɗe a kan wannan fahimta. Sai a ƙarni na 17 wani likita mai suna Jan van Helmont, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya ce bari ya gwada. Ya busar da ƙasa ya auna, kimanin kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya. Shekara 5 yana ba ta ruwa kawai. Da ya tumɓuke ta ya auna, ta kai kusan kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya auna, abin da ya ragu bai kai giram 60 ba. Ashe ba ƙasa bishiyar ta cinye ba. Shi dai ya yanke hukuncin cewa ruwa ne ya zama itace, kuma ya kama rabin gaskiya. Sauran rabin yana cikin iska. A 1779 wani likita ɗan Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa koren ganye yana fitar da iska mai kyau ne kawai idan rana ta haske shi. Daga baya aka gane sauran: ganye yana shaƙar iskar kabon dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, saiwa tana turo ruwa, hasken rana ya ba da ƙarfi, sai ganye ya haɗa suga, ya saki iskar oksijin da muke numfashi da ita. Melvin Calvin na Amurka ne ya bi sawun wannan aiki mataki-mataki, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Buhun geron da ke jingine a ɗaki, mafi yawan nauyinsa daga iska ya zo. Taki da ƙasa suna da nasu aikin, in babu su shuka ba za ta yi ƙarfin yin komai ba, amma tsabar kanta iska ce da ruwa da hasken rana.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan ƙofofi na ganye, duk lokacin da suka buɗe don shaƙar iska, ruwa na tsiyayewa ta cikinsu. A ƙasa mai zafi wannan babbar asara ce. A 1966 wasu masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, da suke bincike a kan rake, suka bayyana cewa wasu shuke-shuke suna da wata dabara ta tara iskar a cikin ganye su cunkusa ta wuri guda, ta yadda ko ƙofofin ba su buɗe sosai ba aikin haɗa suga yana tafiya. Su wane ne masu wannan dabara? Rake, da masara, da dawa, da gero. Shinkafa da alkama ba su da ita. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa gero ke yi a Damagaram da Daura da ruwan sama kaɗan, alhali shinkafa sai fadama, alkama kuma sai an jira sanyin hunturu an yi mata ban ruwa, kamar yadda ake yi a Kadawa. Kakanninmu da suka riƙe gero da dawa ba su san sunan wannan dabara ba, amma sun zaɓi abin da ya dace da ƙasarsu. Ni a ganina, duk mai ba mu shawarar mu raina gero don shinkafa ta fi shi farin jini a biki, bai dubi sararin samaniyarmu da kyau ba.

Shuka ba don mu take tara sitaci ba. Guzuri ne take yi wa ɗanta. Ƙwayar gero in ta sami danshi ta fara tsiro, sai ta fitar da wani sinadari mai suna amilas, wanda aikinsa shi ne ya yanyanka doguwar sarƙar sitaci ta koma suga, ɗan tsiron ya sha har ya fitar da ganyen da zai ciyar da kansa. Wannan sinadari mata sun daɗe suna aiki da shi a madafi. Mai kunun zaƙi takan raba ƙullu biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen kashin da aka niƙa da dankali ko da tsiron hatsi, ta rufe ya kwana. Da safe kunun ya tsinke, ya yi zaƙi, ba tare da an jefa masa ƙwayar suga ba. Amilas ɗin da ke cikin dankalin ko tsiron ne ya kwana yana yanka sitaci. Kuma ku lura da hikimar barin sa ya huce: zafi mai tsanani yana kashe sinadarin, da an zuba a tafasasshe da aikin ya ɓaci.

Iyaye mata, ga inda wannan zai amfane ku. Jaririn da ya wuce wata 6 aka fara ba shi kunu, cikinsa ƙarami ne. In kunun ya yi kauri ba zai iya haɗiya ba, in aka tsinka shi da ruwa kuma ruwan zai sha ya cika ciki, abincin kaɗan. Ma'aikatan abinci mai gina jiki suna koyar da wata hanya: a jiƙa gero ko dawa ya tsira, a shanya ya bushe sarai, a cire saiwoyin da tsiron, a daka. In an dama kunu mai kauri, sai a barbaɗa ɗan wannan gari tun da ɗuminsa, a juya. Nan da nan zai saki ya zama mai shayuwa, alhali ba a rage masa komai ba. Bayan haka a sake ɗora shi a wuta ya tafasa. Sai dai a tuna, sitaci ƙarfi yake bayarwa, ba ya gina tsoka. Yaron da kullum kunun hatsi zalla yake sha zai iya faɗawa tamowa cikinsa a cike. A haɗa da gyaɗa, ko waken soya, ko kifi, ko ƙwai, kuma a ci gaba da shayarwa.

Mu ma muna da amilas a jikinmu, a cikin yawu. Gwada ka tauna lomar burodi ko ɗanyen gero ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji zaƙi ya fara fitowa. Narkewar abinci ta fara ke nan tun daga baki. Sauran aikin a ƙaramin hanji ake ƙarasa shi, inda ake sare sarƙar har ta koma gulukos ɗai-ɗai, ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Jini ya kai shi ga kowace ƙwayar halitta ta jiki, ita kuma ta ƙona shi da oksijin a hankali, ta sami ƙarfin aiki, ta mayar da ruwa da iskar kabon dayoksaid. Iskar da kake fitarwa yanzu haka kana saurarena, wani ɓangarenta tuwon jiya ne, kuma ganyen da ke tsakar gidanka yana jiran ta.

Yanzu ku saurari wani lissafi mai ban mamaki. Duk jinin da ke jikin babban mutum mai lafiya, kusan lita 5, sugan da ke yawo a cikinsa a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Amma ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kimanin giram 120 a kowace rana, dare da rana, ko mutum na barci. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da wani abinci sai shi. In sugan jini ya faɗi ƙasa sosai, sai ka ga mutum yana gumi, yana rawar jiki, yana magana ba kan gado, in ba a yi sauri ba ya suma. To yaya jiki ke riƙe cokali ɗaya daidai, alhali ana ta ɗiba, kuma ba kullum muke cikin ci ba?

Hanta ce ke wannan aiki. A 1857 wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, ya ciro wani farin abu daga hanta mai kama da sitaci, wanda ake kira gilaikojin. Shi ma gulukos ne a sarƙe, sai dai sarƙar tasa mai rassa da yawa ce, don a iya warware ta da sauri ta ko'ina. Bayan an ci abinci hanta tana kwashe rarar suga ta ɗaure ta adana, kimanin giram 100. Tsokoki ma suna ajiye nasu, wajen giram 400 a babban mutum, amma tsoka marowaciya ce, abin da ta ajiye na aikinta ne ita kaɗai, ba ta mayar da shi cikin jini. Hanta ce mai rabawa. Mai azumi ya san wannan a jikinsa ko bai san sunansa ba. Daga sahur zuwa azahar abin da ya ci ne ke riƙe da shi, daga nan hanta ta fara sakin ajiyarta kaɗan-kaɗan. In ajiyar ta yi ƙasa, jiki ya juya ga kitse, hanta kuma ta shiga ƙera sabon gulukos daga wasu kayan. Shi ya sa mai lafiya ke kaiwa magariba a tsaye. Dabinon buɗe baki suga ne mai saurin shiga jini, nan take idon mutum ke washewa. Sahur kuwa ya fi son abin da ke narkewa a hankali, irin su wake da tuwon hatsin da ba a surfe shi ƙal ba, domin Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wanda ke ba da umarnin a kwashe suga daga jini shi ne insulin, wani sinadari da ke fitowa daga wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ana kiran ta fankiriyas. In wannan gaɓa ta daina yin insulin, ko kuma jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini, ya malala cikin fitsari. Ciwon suga ke nan. Likitocin Indiya na zamanin da sun gane shi ne ta ganin tururuwa na taruwa a kan fitsarin mai ciwon. Har zuwa farkon ƙarni na 20, yaron da ya kamu da nau'in da jiki ba ya yin insulin sam, ba ya daɗewa a duniya. A 1921, a birnin Toronto na Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka yi nasarar ciro insulin, a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. A yau in aka auna jinin mutum da safe kafin ya ci komai aka ga 126 ko sama da haka a ma'aunin da aka fi amfani da shi a asibitocinmu, kuma aka sake gwadawa aka ga haka, likita zai ce ciwon suga ne. Yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, rama ba dalili, gyambon da ya ƙi warkewa, duk alamu ne da ya kamata su kai mutum awo.

A nan zan faɗi wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Ana yawan cewa mai ciwon suga ya bar sugan kanti ya koma zuma, wai ita ba ta da illa. Zuma abu ce mai daraja, ba mai musun haka. Amma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, gulukos da furuktos, kuma jini ba ya tambayar daga kanti suga ya fito ko daga amya. Haka mazarƙwaila, haka dabino in an ci da yawa. Mai ciwon suga ya tambayi likitansa adadin da zai iya sha, haka kuma ya je ya gan shi tun kafin watan azumi ya kama, domin maganin da yake sha yana iya buƙatar gyara. Mu masu lafiya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, wajen cokalin shayi 12. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da kusan giram 35. Ka sha ɗaya a wurin ɗaurin aure, ka sha shayi mai kauri wurin mai shayi da dare, ka wuce iyaka ba ka sani ba. Ni ban ga laifin tuwo ba, wanda mutanenmu suka rayu a kai suna noma suna tafiyar ƙasa. Abin da ya sauya shi ne zaman wuri ɗaya, da lemon kwalba, da hatsin da aka cire wa komai sai farin.

Mu koma kan tambayarmu ta farko. In itace da auduga gulukos ne, me ya sa ba ma cin su a lokacin yunwa? Amsar tana wurin ɗauri. A sitaci, duk ƙwayoyin gulukos fuska ɗaya suke kallo, sarƙar takan lanƙwashe ta naɗe, ruwan zafi ya shige ta ta kumbura, amilas ya sami wurin yanka. A selulos kuwa, kowace ƙwaya a kife take a kan ta kusa da ita, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan ɗan juyi shi ke sa sarƙar ta miƙe sambal, ta manne da 'yan'uwanta gefe da gefe, su zama zare mai ƙarfi da ruwa ba ya narkarwa. Amilas ɗinmu bai san yadda zai kwance wannan ɗauri ba. Wani Bafaranshe mai suna Anselme Payen ne ya fara ware selulos a 1838, kuma a yau an san babu wani abu da rayayyun halittu ke ƙerawa da ya kai shi yawa a doron ƙasa. Shi ke tsayar da karan dawa, shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na zaren auduga.

To saniya fa, da ke ƙiba da ciyawa da harawa? Ita ma ba ta da sinadarin kwance selulos. Baƙi take saukewa. A babban tumbinta akwai ƙananan halittu biliyoyi da ido ba ya gani, su ne ke da wannan sinadari. Suna ruɓar da ciyawar, su ci nasu, abin da suka fitar saniya ta tsotse ta rayu a kai. Tuƙar da kuke gani tana yi a inuwa, ƙara niƙa musu take yi. Shi ya sa makiyayi mai hankali ba ya ɗura wa dabba hatsi da yawa rana ɗaya: sitaci mai yawa yana sa tumbin ya yi tsami, baƙin su mutu, cikin dabbar ya kumbura, wani lokaci ta halaka. Masu kiwon ragon layya su kula da wannan, a riƙa ƙara hatsi da dusa sannu a hankali. Gara ma da taimakon irin waɗannan halittu take cinye azara da ƙyauren ɗaki.

Kada ku ce tunda ba ma narkar da selulos ba shi da amfani a gare mu. Shi da danginsa su ne harzar abinci, wadda ke cikin dusa da ganye da wake. Tana riƙe ruwa a hanji ta sauƙaƙa bayan gida, tana rage saurin shigar suga cikin jini, wani ɓangarenta kuma abinci ne ga ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a babban hanjinmu. Yauƙin kuɓewa da karkashi da kuka, shi ma dogayen sarƙoƙin suga ne masu kama ruwa. Wato miyar da wasu ke ganin ta talaka ce, ita ce ke rage wa tuwo gudu. Abin takaici, mukan surfa hatsi mu ba akuya dusar, mu ci farin.

Dangin suna da yawa, bari in ambaci kaɗan in wuce. Ƙaron da ke tsatsowa daga dakwara, wanda malamai ke sawa a tawada, kabohaidiret ne. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi a duniya, Chadi da Najeriya na biye, kuma kamfanonin lemo da alewa na ƙasashen waje ne manyan masu saye. Ɓawon fara da kuke ji yana ƙaras-ƙaras in an soya, wani ɗan'uwan selulos ne da ake kira kaitin. Sugan madara kuma, yawancin manya a duniya, kusan kashi biyu cikin uku, sinadarin narkar da shi yana raguwa a jikinsu bayan yaye, shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara cikinsa ke ƙugi. Al'ummomin da suka daɗe da kiwo, kamar Fulani, da yawansu suna riƙe wannan sinadari har tsufa. Nono da kindirmo kuwa sun fi sauƙi ga kowa, domin ƙananan halittun da suka sa su tsami sun riga sun cinye wani kaso na sugan.

Akwai wani aikin suga da ba ci ba, ba gini ba, wato zama alama. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da gajerun sarƙoƙin suga a bayanta, da su jiki ke gane nasa da baƙo. Rukunin jinin nan da ake faɗa a asibiti, A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a Biyana a 1901, bambancinsu suga ne guda a ƙarshen sarƙar da ke kan jajayen ƙwayoyin jini. Mai A yana da wani iri, mai B yana da wani, mai AB yana da duka biyun, mai O ba shi da ko ɗaya. In aka ƙara wa mutum jini mai alamar da jikinsa bai sani ba, sai garkuwar jiki ta far masa, abin ya zama haɗari. Kada a haɗa wannan da gwajin AA da AS da SS da ake yi kafin aure, wannan maganar sikila ce, hanyarsu daban.

Ƙwayoyin cuta ma sun san wannan dabara. Ƙwayar da ke kawo sanƙarau tana lulluɓe kanta da rigar suga don ta ɓuya wa garkuwar jiki. Mu da ke yankin da wannan cuta ke tashi duk lokacin zafi, daga Senegal har Habasha, mun san ta. Annobar 1996 ta kama mutane kimanin 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000, kuma arewacin Najeriya na cikin inda abin ya fi muni. Rigakafin farko da aka yi da wannan rigar suga zalla ba ya daɗewa a jiki, kuma ba ya kama ƙananan yara sosai. Sai masana suka ɗaure sugan a jikin wani furotin, garkuwar jiki ta gan shi da kyau ta riƙe shi. Wannan ita ce allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, Najeriya ta bi a 2011. Nau'in A na ƙwayar sanƙarau, wanda shi ne ya fi yi mana ɓarna, ya kusa ɓacewa a inda aka yi ta. Sauran nau'o'in kowanne da kalar rigarsa, shi ya sa nau'in C ya iya tashi a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5 a haɗe. In masu rigakafi suka zo unguwa, a fito da yara.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon kowace uwa ta matso kusa da rediyo. A 1960 wani masani mai suna Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai tare da gulukos, in su biyun suka shiga kuma ruwa na bin su. Ko lokacin da mutum ke fama da amai da gudawa, wannan ƙofa tana aiki. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da suga a ruwa ana ba marasa lafiya su sha. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Wannan shi ne asalin ruwan gishiri da suga da ake ba ku a asibiti.

In yaro ya kama gudawa, mafi kyau a sami na ƙunshi daga asibiti ko kemis, a dama shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a haɗa da ƙwayar zinc kamar yadda ma'aikacin lafiya ya ce. In babu, a sami tsabtataccen ruwa lita 1, wanda aka tafasa ya huce, a sa suga cokalin shayi 6 a shafe, ba a tule ba, da gishiri rabin cokalin shayi. Zan maimaita: ruwa lita 1, suga cokali 6, gishiri rabin cokali. Kada a ƙara suga don yaro ya ji daɗin sha, domin in ya yi yawa ruwa yake jawowa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru; saboda wannan dalili ne lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, ko ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba, kada a daina ba shi nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, a garzaya asibiti ba tare da jira ba.